Site, gidan gwaggo ko ɗakin haya: ina ɗiyar da ta ci bak za ta sauka a Maraɗi?

Assalamu alaikum Tanti. Ni ɗiyarki ce daga Tasawa, shekarata 19. Bana Allah ya ba ni sa'ar bak, jarrabawar gama sakandare, kuma na samu gurbi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, sashen kimiyyar noma. Gidanmu ana ta murna, ni kuwa barci ya ƙaurace mini saboda maganar wurin zama. Baba ya ce gidan ƙanwarsa zan sauka, gwaggona da ke aure a unguwar Bagalam. Ya ce shi ba zai bar ɗiya mace ta kwana a site, wato gidan kwanan ɗalibai na jami'a, ba, ya ji abin da ake faɗa. Gwaggo mutuniyar kirki ce, amma ƴaƴanta 6, babbar ta yi aure bara, kuma duk hutun da na je gidanta ni ce a madafa. An ce mini daga can zuwa jami'a kabu-kabu dala 50 ne. Ni raina ya fi kwanciya da site. Ga kuma ƙawayena biyu da muka yi lise tare, sun samu ɗaki na jika 15 a wata kusa da jami'a, suna ta kirana in zo mu raba uku, sai dai mai gidan yana son kuɗin wata 3 a hannu. Inna ba ta ce komai ba, kallona kawai take yi. Ba na son in saɓa wa Baba, ba na son gwaggo ta ce na raina gidanta, kuma ina tsoron faɗuwa a shekarar farko. Wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam ɗiyata. Barka da arziki, Allah ya sa albarka a wannan bak, ya sa a gama lafiya.

Ba zan ja ki da nisa ba. Ki nemi site. Amma kada ki nema ta bayan Baba, kuma kada ki je masa da maganar ke kaɗai. Gwaggon nan da kike gudun gidanta, ita ce mabuɗin ƙofar. Zan zo kan wannan, bari mu fara da ɗakin haya don shi ne mai saurin sallama.

Ki ba ƙawayenki haƙuri bana. Jika 15 a raba uku, a baki jika 5 ne, abin kamar kyauta. To ki ɗora kuɗin kuran da na pampo, ki ɗora gas ko gawayi, tukunya, katifa, bokiti, makulli, da cefanen kullum, tunda babu mai dafa muku. Sannan ki tambayi kanki ranar da ɗaya daga cikinku kuɗinta ya makara, wa zai biya rabonta? Kada ki ce burs, tallafin kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibai, zai rufe. Ba kowane sabon ɗalibi ke samunsa ba, wanda ya samu ma ba wata-wata ake ba shi ba, kuma ba lalle ya shigo ranar da aka sa rai ba. Mai gidan haya kuwa ƙarshen wata kawai ya sani. Na ga ƙawancen shekara 7 ya mutu a kan kuɗin kuran na wata 2. Bayan haka, ƴan mata uku sababbin zuwa, a unguwar da ba a san iyayensu ba, babu babba a kansu, ai duk saurayin da ke zaman kashe wando a bakin layin ya san lokacin fitarsu da na dawowarsu kafin sati ya zagayo. Idan Baba ya ƙi site, kina ganin wannan zai yarda da shi? Ki bar haya sai shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da kin san gari, kin san wadda za ki iya haɗa tukunya da ita.

In ƙawayen naki sun dage sai sun kama, ki faɗa musu abu biyu daga gare ni. Su duba gindin bango da kyau, yanzu da damina ba ta daɗe da wucewa ba, shaidar ruwa ba ta ɓuya. Maraɗi gari ne da ruwa ya taɓa tayarwa: ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta sa aka hau tudu aka yanka sabon gari, kuma har yau ba kowane lungu ke shanye ruwan Agusta ba. Na biyu, duk kuɗin da suka ba mai gida, a rubuta a takarda gaban shaida, babba namiji ko mace daga danginsu.

Yanzu gidan gwaggo. A nan zan daɗe, domin nan ne zuciyarki take, kuma nan ne na taɓa ƙonewa.

A Yamai na yi karatu, shekarar farko a gidan kawuna na zauna. Matarsa ba muguwa ba ce, ko kusa. Ba ta taɓa ce mini kada in yi karatu ba. Sai dai in na dawo da yamma na tarar da tulin kwanuka, ita ga goyo ga ciki, da wane ido zan wuce ɗaki in buɗe littafi? In na ɗora tuwo sai an yi isha'i, in an ci sai wanke-wanke, in na zauna da takarda ƙarfe 10 sai ƙaramin ya farka. Satin jarrabawa aka yi suna a maƙwabta, kwana biyu ina tuƙa tuwon baƙi. Babu wanda ya zalunce ni. Kunya ce ta cinye mini shekara, ita da ladabin da aka koya mini a gida. Kin ce babbar ɗiyar gwaggo ta yi aure bara. Ɗiyata, gurbin da ta bari a madafa yana nan buɗe, kuma ke ce daidai da shi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, wanda ke cin tuwon gida kyauta ba ya iya cewa yau ba zan daka ba.

Abin da mutanen gida ba su cika ganewa ba shi ne jami'a ba lise ba ce. A lise ana tashi a lokacin da kowa ya sani. A jami'a tsarin da ake bi yanzu shekara zango biyu ce, kowane zango kiredi 30, wato makin da ake tarawa in an ci darussa, sai kin tara 180 a shekara 3 kafin a ba ki lisans. Darasin da kika faɗi yana nan yana jiranki, sai kin koma kin biya shi. Malami kan iya ɗaga darasi daga safe ya mai da shi yamma, wani malamin daga wata jami'a yake zuwa, sai ya haɗe aikin wata guda cikin sati ɗaya, har Asabar da Lahadi. Ke da za ki karanci noma ga aikin ɗakin gwaji, ga fita gona. Ga karatun rukuni, wanda yawanci da dare ake yinsa, kuma a nan ne ƴan shekara ta biyu ke nuna wa sababbi tsofaffin tambayoyi da salon kowane malami. Wadda ke Bagalam, magariba na yi hankalinta ya koma gida. In ta tsaya, a ce ina ta tsaya. In ta tafi, karatun ya wuce ta.

Ki yi lissafin kabu-kabun ma. Dala 50 zuwa, dala 50 dawowa, dala 100 ke nan a yini. In kin je kwana 24 a wata, jika 12 ta tafi a kan babur kaɗai, ba a yi maganar abincin rana ba, kuma ba a yi maganar ranar da darasi ya rabu safe da yamma ba. Gidan da ake ganin kyauta ne, ya kusa cin kuɗin ɗakin hayar ƙawayenki gaba ɗaya. Akwai motocin ɗalibai, gaskiya ne, amma mota lokacinta take bi, ba naki ba. Wannan lissafin ki rubuta shi a takarda, domin Baba mutum ne da zai gane lissafi ko da bai gane zango da kiredi ba.

Kada ki ɗauka ina zuga site ne kamar aljanna. Ba ita ba ce. Jami'ar Maraɗi yarinya ce, a 2010 aka kafa ta tare da ta Damagaram da ta Tawa, kuma yawan ɗalibai ya fi ƙarfin ginin da ake da shi. Gado bai kai yawan masu nema ba. Ɗakin da aka yi wa mutum kaɗan sai ki tarar an shimfiɗa katifu a ƙasa, wannan ta raɓa ƙanwarta, waccan ta raɓa ƴar garinsu. Za ki yi layin wanka da asuba. Za ki ajiye sabulu ki dawo ki tarar ya rame. Abincin resto, gidan abincin ɗalibai, zai ƙosar da ke, amma ba zai tuna miki da miyar Inna ba. Akwai mai kunna waƙa a salula har tsakar dare, akwai mai aron hijabi ba ta mayarwa. Wata rana kuma yajin aiki ko zanga-zanga za ta tashi, ki ga an rufe komai. Da duk wannan, a site lokacinki naki ne. In kin dawo daga darasi babu kwanon da ke jiranki sai naki. Kuɗin gado da na abinci a can gwamnati ta tallafa, ba a kwatanta su da na gari. Kuma duk wadda ke kewaye da ke, mai kirki da marar kirki, jarrabawa ce a gabanta kamar ke.

Maganar da Baba ya ji fa? Kada ki ce masa ƙarya ce, don ba duka ce ƙarya ba, kuma in kin ƙaryata shi kin rufe ƙofar magana. Akwai ƴan matan da suka lalace a jami'a. Akwai kuma waɗanda suka lalace a ɗakin uwarsu, a garin da ko lise babu. Tsoron Baba shi ne ɗiyarsa ta kwana inda babu idon babba, a garin da ke sama da kilomita 100 daga gida, ranar da wani abu ya faru bai san wanda zai kira ba. Wannan tsoro na uba ne, kuma yana da gaskiya. Ba musu za ki yi da shi ba, amsa za ki kawo masa.

Ga yadda za ki yi. Ki fara da Inna. Shirun da ta yi ba rashin ra'ayi ba ne, mace ce da ta san abin da zaman gidan dangin miji ke nufi, amma ba za ta so a ce ita ta hana ɗiyarta zuwa gidan ƙanwar mijinta ba. Ki zauna da ita ku biyu, ki nuna mata lissafin. Daga nan ki shirya ki je Maraɗi takanas wurin gwaggo, da ƴar tsarabarki, ba ta salula ba. Kada ki ce mata aikin gidanta kike gudu, ko da wasa. Ki ce mata: Gwaggo, karatun nan har dare ake yi, hanya da nisa, ina tsoron hawa babur bayan isha'i, ina so in nemi gado a cikin jami'a, amma ke ce uwata a garin nan, sunanki zan rubuta, lambarki zan bayar, duk ranar da babu darasi a ƙarshen sati nan zan kwana, in ba ni da lafiya nan za a kawo ni. Ki roƙe ta ta raka ki ku ga wurin da idonta, ta ga ɓangaren ƴan mata, ta ga masu gadi, ta tambayi lokacin rufe ƙofa da dokar baƙi. Gani ya kori ji. In gwaggo ta gamsu, ita za ta kira yayanta, kuma abin da ƙanwa za ta faɗa wa yayanta a minti 5, ke ba za ki iya faɗarsa a wata guda ba. Ta haka ba ki raina gidanta ba, girma kika ƙara mata. Kuma in kin ɗauki alkawarin ƙarshen sati, ki cika shi. Ki je ki yi mata wanki da daka da zuciya ɗaya, yini guda a sati ba zai kayar da ke ba.

Wani abu da iyaye ke so su ji: wa za ta zauna da shi? Ki nemi ɗalibar Tasawa da ta riga ki shiga, wadda Baba ya san gidansu. Ɗalibai sukan haɗa kansu gari-gari, kuma su ne ke tarbar sababbi, su nuna musu ofisoshi. In kin samu irin wannan yaya, ki kai ta ta gaida Baba kafin ku taho.

Sai maganar nema. Kula da kwana da abinci da motocin ɗalibai ba aikin sashenku ba ne, aikin ofishin CROU ne, can za ki kai takardunki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kammala rajistar jami'a da wuri, domin da shaidarta ake neman sauran abubuwa. Ki tanadi kwafin takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, shaidar bak da hotuna, kowanne fiye da ɗaya, a cikin leda mai kyau. Ki je ofis da ƙafarki ki karanta sanarwar da aka liƙa, ki tambayi ranar buɗe nema da ranar rufewa, kada ki dogara da an ce a WhatsApp. Ki bayyana cewa daga Tasawa kike, iyayenki ba a Maraɗi suke ba. In akwai wata lalura ta rashin lafiya, ki faɗa da takardar likita. Duk wanda ya tare ki a bakin ƙofa ya ce ki ba shi wani abu zai samo miki gado, ki wuce shi. Kuɗin da babu rasit a kansa, ba ki biya ba, kyauta kika yi.

In Allah ya sa kin samu, kuma aka ba ki damar zaɓe, ga abin da tsofaffin ɗalibai suka sani. Ɗakin da bangonsa ke kallon yamma yana shan rana tun azahar, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 sai ki ji bangon na huci har tsakar dare, ga kuran na iya ɗaukewa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, taga ta wannan ɓangaren in ba ta rufuwa da kyau, littattafanki za su sha ruwa da ƙura. Kusa da banɗaki akwai sauƙin layi, akwai kuma wari da sauro da hayaniyar asuba. Gadon sama ya fi zafi, amma ba mai zama miki a kai da kwanon abinci.

Duk wannan ƙarami ne a kan abokiyar ɗaki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kada ki zaɓi wadda kuka fi dariya da ita, ki zaɓi wadda lokacin barcinku da na tashinku ya zo ɗaya. A daren farko, tun ana ganin girman juna, ku yi magana a fili: ƙarfe nawa ake kashe fitila, wa ke shara wace rana, ana kawo baƙi ko ba a kawowa, me ake ara me ba a ara. Maganar da ke da nauyi a daren farko, a wata na uku faɗa take zama. Kuɗi da takardu a akwati mai makulli, ba don kin zargi kowa ba, don kada ki zo ki zargi kowa. Kuma duk wadda kika ga salularta ta fi ƙarfin aljihun gidansu, mota na ajiye ta da dare, ki gaishe ta da mutunci, ki bar ta a gaisuwa.

Kada ki taho ba sange. Ana komawa karatu ne a ƙarshen damina, daidai lokacin da zazzaɓin sauro ya fi kwantar da mutane, kuma sati biyu a kwance a farkon zango ba ƙaramin gibi ba ne. In zafi ya shigo, ɗaki mai cunkoso shi ne abin da sanƙarau ke so, don haka ki tambaya a likita ko kina da rigakafinsa, kuma ku riƙa barin taga a buɗe. Da sanyin hunturu kada a shigo da garwashi a rufe ƙofa a kwanta, hayaƙinsa marar wari yana kashewa. Ki sa Inna ta haɗa miki garin kunu, ƙuli-ƙuli, yaji da busasshen zogale, akwai daren da za su yi miki rana.

To in ba ki samu gado ba fa, ko gwaggo ta yi iya yinta Baba ya ce a'a? Sai ki sauka Bagalam da fuska a sake, kada ki shiga gidan mutane da kumburin baki. Amma a yi magana tun kafin ki ajiye akwati, kuma Baba ne zai yi ta, ba ke ba: ɗiyar nan karatu ya kawo ta, ga ranakun da za ta taya aiki, satin jarrabawa a ɗauke mata madafa. Ki kwafe jadawalin darasinki ki ba gwaggo da mijinta, domin ranar da kika yi dare su san inda kike. Ki riƙa wuni a jami'a, karatunki ki gama shi can kafin ki hau babur, don in kin shigo gida ba ke da kanki ba. Ki samu ɗan kabu-kabu ɗaya da mijin gwaggo ya sani, ku yi ciniki na wata. Baba kuma ya riƙa aiko da ɗan buhun hatsi bayan girbi, wanda ya kawo nasa ba a yi masa kallon cima-zaune. Sunanki kuwa ki bar shi a ofishin CROU, ki riƙa leƙawa, gado kan faɗo a tsakiyar shekara in wata ta yi aure ko ta canja makaranta. In sakamakon zangon farko ya fito, ki kai wa Baba takardar da hannunki, ki sake ɗaga maganar a lokacin.

Ki gaida Inna. In kun je ganin wurin ke da gwaggo, ki rubuto mini abin da ta ce.

Tantinki